Darasi na 9: Saita Kafireton Babur Bayan an Taɓa Akwatin Iska

Wannan darasi na masu babur ne da masu koyon gyaransa, musamman waɗanda baburansu ke barin kwalta su shiga hanyar ƙauye. Wanda ya karanta shi ya kamata ya iya faɗin abin da ke faruwa cikin inji idan aka cire matacin iska ko aka fafe akwatinsa, ya gane injin da mai ya yi wa kaɗan da wanda ya yi wa yawa, ya kuma san abin da ake fara taɓawa a kafireto da abin da ake bari sai ƙarshe.

A Turai da Amurka akwai babura da ake ƙerawa musamman don tsere a daji da kan duwatsu, masu su kuma sun saba yanke murfin akwatin iska su sauya jet don neman ƙarin gudu. Irin waɗannan babura ba su da yawa a Gombe. Amma Bajaj Boxer da Jincheng da 'yan uwansu suna aikin da bai gaza na waɗancan wahala ba: buhun masara biyu daga ƙauyukan Kwami ko Akko zuwa Tudun Hatsi, ta hanyar burji da yashi, rani da damina. Kuma mu ma muna taɓa akwatin iskar. Wani soson ne ya toshe da ƙura, babur ya daina ja, yaron gareji ya cire shi ya jefar. Wani akwatin ne ya fashe aka ɗaure shi da roba. Wani kuwa gaya masa aka yi in ya huda akwatin babur zai ƙara ƙarfi ya rage shan mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan magana ta rage shan mai ta zama abin da ɗan acaba ke fara faɗa wa bakanike kafin ma su gama gaisawa.

Yadda kafireto ke auna mai

Inji ba fetur kaɗai yake ƙonawa ba. Haɗin fetur da iska yake ƙonawa, kuma iskar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus yana buƙatar kilo 14.7 na iska. In aka mayar da lissafin zuwa lita, kowace lita ɗaya da ka saya a gidan mai sai ta sami iska kusan lita 9,000. Riƙe wannan adadi, za mu koma kansa. Injin babur irin namu, wanda iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, ya fi jin daɗin haɗin da mai ya ɗan fi haka, wajen kashi 13 na iska a kan 1 na mai idan an buɗe totur duka, domin wannan ɗan ƙarin mai yana taimakawa wajen rage zafin kan inji.

Kafireto ba shi da famfon da ke tura mai. Yana aiki ne kamar tsohon famfon filit na maganin sauro: iska ta wuce da gudu ta saman siririn bututu, sai ta tsotso ruwan da ke ƙasa ta fesa. Idan fistan ya sauka yana zuƙar iska, iskar tana ratsa wani matsattsen wuri a tsakiyar kafireto, a nan take ƙara gudu, ta jawo mai daga kwanon da ke ƙasa ta cikin 'yan ƙananan ramukan tagulla da ake kira jet. Girman ramin da ƙarfin zuƙar su ne ke yanke yawan man da zai shiga.

A nan ne akwatin iska ya shigo. Kamfanin da ya ƙera babur ya zaɓi girman jet ne akwatin yana rufe, matacin yana ciki. Akwatin da soson suna ɗan riƙe iska, wannan riƙon kuwa yana ƙara ƙarfin zuƙar da ke jawo mai. Da zarar an huda akwatin ko an cire soson, abu biyu ne ke faruwa lokaci ɗaya: iska ta ƙaru, zuƙar da ke kan jet ta ragu. Iska ta yi yawa ke nan, mai ya yi kaɗan. Kafireto bai san an canza komai ba, ba shi da kwamfutar da za ta gyara masa lissafi. Baburan da ake sayarwa a Indiya tun daga Afrilu 2020, lokacin da sabuwar dokar hayaƙi ta fara aiki a can, yawancinsu na'ura ce ke auna musu mai. Waɗanda suka cika titunan Jekadafari da Pantami da Bolari har yanzu kafireto ne, kuma hannun mutum ne ke saita shi.

Kafin ka taɓa jet

Ra'ayina a fili yake: ga baburin da ke neman abinci a Gombe, mayar da akwatin iska yadda kamfani ya yi shi ya fi kowane irin saiti. Tuna da lita 9,000 ɗin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauke da ƙurar da ta taso tun daga Sahara, ga kuma wadda tayar babur ɗin gabanka ke tayarwa a hanyar ƙauye. Duk ƙurar da soso bai tare ba cikin inji za ta, ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa cin ringi da fistan da bawul a hankali. Ƙarfin da ake samu daga huda akwati a injin cc 100 ɗan kaɗan ne, sau da yawa ma ƙara ce kawai ta ƙaru, kunne ya ruɗi mai babur. Kuɗin sauke inji kuwa ya ninka kuɗin sabon soso sau da yawa. Da damina ma akwai wata matsalar: buɗaɗɗen mataci yana shan ruwa idan aka ratsa kwari.

Saboda haka in soso ne ya toshe, a wanke shi da kananzir, a matse shi da tafin hannu ba tare da murɗawa ba, a bari ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai mai tsabta kaɗan a sake matsewa, sannan a mayar. Man nan shi ke kama ƙura. Busasshen soso rabin aiki yake yi. In na takarda ne, ba a wanke shi, sai dai a karkaɗe, in ya yi baƙi a sauya.

To amma akwai lokacin da babu makawa. An saka wani mataci daban saboda ba a sami na asali ba, ko an sauya salansa, ko mai babur ya dage a kan abin da yake so. A nan sai an saita kafireto ya dace da sabuwar iskar. Kafin nan sai a tabbatar da abu huɗu, domin kowanne cikinsu yana iya kwaikwayon matsalar jet. Kafireton ya zama a wanke, tunda man 'yan bumburutu da tsatsar tanki suna toshe ƙaramin jet. Robar da ta haɗa kafireto da inji kada ta kasance ta tsage, domin tsagar tana shigar da iskar sata. Bawul ya zama an saita shi daidai da littafin babur. Fulot ɗin da ke cikin kwano, wanda ke tsayar da mai idan ya cika, ya zama yana tsayawa inda ya kamata. Wanda ya tsallake waɗannan ya tafi sauya jet, gyaran gangar Auzinawa zai yi.

Wuta ba ta da wasa a wannan aiki. A rufe makullin mai kafin a kwance kwano, kada kowa ya sha taba a kusa, kada kuma a bar inji yana aiki cikin rufaffen shago, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa na kisa ba tare da ka ji warinta ba.

Hanyoyin mai guda uku

Mai babur ya zo ya ce, “Oga, mashin ɗin nan yana shaƙewa.” Bakanike mai hankali ba ya tambayarsa a wane gudu. Abin da zai tambaya shi ne, “Alhaji, a ina hannunka yake a totur lokacin da yake yi maka haka?” Dalili kuwa shi ne kafireto hanyoyi uku yake da su na ba da mai, kuma buɗin totur ne ke nuna wadda ke aiki. Daga silo zuwa kwata, ƙaramin jet ne da sukurun haɗi. Daga kwata zuwa kwata uku, allura ce. Daga kwata uku zuwa ƙarshe, babban jet. Suna ɗan shiga aikin juna a bakin iyaka, amma wannan rabon ya isa mai koyo. Dabara mai sauƙi ita ce a liƙa farin tef a hannun totur a zana masa layi a kwata, rabi, kwata uku da cikakke, don mai gwaji ya daina dogara da zato.

Alamomin ƙarancin mai su ne waɗannan. Ka murɗa totur da sauri sai inji ya yi kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Ka saki totur sai ya daɗe yana kuka kafin ya sauko silo. Salansa tana fas-fas idan ana gangara da giya. Inji yana zafi fiye da yadda aka saba. Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗan ja cok inji yana da zafi: in ya gyaru, mai yake nema. Yawan mai kuma alamarsa baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur, inji yana ɓurɓur kamar mai tari, yana tashi da safe ba cok amma yana nauyi in ya yi zafi.

Biyun duka matsala ce, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Yawan mai yana cin aljihu ya ɓata fulogi. Ƙarancin mai yana ƙona bawul, yana iya huda kan fistan, yana iya sa inji ya yi nokin a tsakiyar hanyar Dukku da kaya a baya. Shi ya sa a kullum ake fara gwaji daga jet ɗin da ya ɗan yi girma a riƙa saukowa, ba a farawa daga ƙarami a hau. Wannan kuma shi ne amsar mai son a matse masa mai don tsimi. Abin da ya tsimanta a gidan mai cikin wata shida zai biya shi a gareji rana ɗaya.

Babban jet

Da shi ake farawa, domin man da allura ke aunawa ta cikinsa yake bi. In ka saita allura sannan ka sauya babban jet, ka ɓata aikinka. Babban jet yana tsakiyar kwano, an buga masa lamba a jiki. A yawancin kafireto irin na Keihin da masu kwaikwayonsa, lambar tana nuna faɗin rami ne: 80 na nufin milimita 0.80. Wasu jet na Mikuni kuwa yawan man da ke wucewa suke ƙirgawa, don haka 80 na wannan kamfani ba 80 na wancan ba ne. Kada a gauraya su. Jet maras suna na kasuwa ma lambarsa ba abin rantsuwa ba ce.

Ga wani lissafi da ke ba masu koyo mamaki. Daga 80 zuwa 85 kamar ƙari ne kaɗan, amma girman bakin rami yana ƙaruwa ne da ninkin lambar a kanta: 80 sau 80 ya ba da 6,400, 85 sau 85 ya ba da 7,225. Bambancin ya kai kusan kashi 13 cikin 100. Daga nan za ka gane ɓarnar da yaro ke yi idan ya zura wayar kebur ko allurar ɗinki cikin jet wai yana share shi. Tagulla tana da laushi, ɗan gogawa kaɗan ya faɗaɗa ramin, kuma ba a mayar da shi. Da iska ake hure jet, ko a jiƙa shi a maganin wanke kafireto.

In an buɗe akwatin iska, fara da jet ɗin da ya fi na asali mataki biyu. Bari inji ya yi zafi sosai, ka sami miƙaƙƙiyar hanya wadda ba mutane ba dabbobi, da hular kwano a kanka. Cikin gari ba wurin wannan gwaji ba ne. A babbar giya ka buɗe totur duka, inji ya ɗauka, sannan ka ɗan sassauta kaɗan. In babur ya ƙara ja da ka sassauta, jet ya yi ƙarami. In yana ɓurɓur a cikakken totur ya ƙi kai ƙarshen kukansa, ya yi girma. Sauko mataki ɗaya ka sake. Inda ɓurɓur ɗin ya ɗauke, nan ne wurin tsayawa. Kada ka ci gaba da saukowa don ka ga ko zai ƙara.

Fulogi shi ne shaida. Saka sabo ko mai tsabta, yi tafiya a cikakken totur na ɗan lokaci, sai ka kama kuloci ka kashe inji nan take ba tare da ka bar shi ya yi silo ba, ka gangara gefe. Bari ya ɗan huce kafin ka kwance, domin zaren kan inji alminiyam ne, yana saurin lalacewa da zafi. Dubi farin tangaran da ke tsakiya, har can ciki. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske shi ake so. Fari fat, ko mai ɗigo-ɗigon toka, mai ya yi kaɗan, kuma akwai haɗari. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo kuwa ba laifin kafireto ba ne, baƙin mai ne ke hawa, ringi ko robar bawul sun gaji, kuma babu jet ɗin da zai gyara wannan.

Allura da silo

Ɗan acaba rabin totur yake yini a kai, saboda haka allura ce ke yanke yawancin man da yake sha a rana. Tana rataye a jikin ƙarfen da wayar totur ke ɗagawa, siririya ce a ƙasa mai kauri a sama, tana shiga tana fita cikin bututun mai. A kanta akwai tsaga-tsaga, galibi biyar, da ɗan kilif da ke riƙe ta. Nan ne masu koyo ke rikicewa. In ka sauke kilif zuwa tsagar ƙasa, allurar ta ɗaga sama, mai ya ƙaru. In ka hau da kilif sama, allurar ta nutse, mai ya ragu. Bayan buɗe akwatin iska, sau da yawa sauke kilif tsaga ɗaya ya isa. Wasu kafireton allurarsu ba ta da tsaga ko ɗaya; irin wannan ana sa mata siririyar wosha a ƙarƙashin kanta. Ka shimfiɗa tsumma kafin ka cire kilif, in ya yi tsalle ya faɗa yashi ka rasa shi.

Silo shi ne na ƙarshe. Sukuru biyu ne a gefen kafireto. Mai kauri da sifirin a waje yana ɗaga silo ne kawai ko ya sauke shi. Ɗayan, ƙarami, shi ke saita haɗi, kuma iri biyu ne. In yana ɓangaren akwatin iska, iska yake aunawa: ka warware shi, iska ta ƙaru. In yana ɓangaren inji, mai yake aunawa: ka warware shi, mai ya ƙaru. Ɗaure shi a hankali har ya taɓa ƙasa, ba da ƙarfi ba don kada bakinsa ya lanƙwashe, sannan ka warware zagaye ɗaya da rabi. Inji yana da zafi, ka riƙa juya shi kwata-kwata kana dakatawa kana saurare, har ka sami inda kukan inji ya fi tashi ya kuma daidaita. Sai ka sauke silo da babban sukurun. In ba ka sami wurin ba sai da ka wuce zagaye uku, ko kuma sai da ka kusa rufe shi, ƙaramin jet ɗin ne ke son sauyi.

A duk wannan aiki abu ɗaya ake canzawa a gwada. Wanda ya sauya jet da allura da sukuru a zama ɗaya, ko babur ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, in ya lalace kuma bai san inda zai koma ba. Ka ajiye ɗan littafi ka rubuta lambar jet ta asali, tsagar da ka tarar da kilif, da yawan zagayen sukuru, tun kafin ka taɓa komai.

Yanayi da tudu

Iska ba nauyinta ɗaya ba kullum. Mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Tsakanin safiyar Janairu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 40, nauyin iskar da inji ke zuƙa ya bambanta da kusan kashi 8 cikin 100. Wato baburin da aka matse wa mai daidai wa daida da bazara, in hunturu ya shigo zai shiga ƙarancin mai, a daidai lokacin da ƙura ta fi yawa. Wannan ma dalili ne na barin ɗan rara a saiti.

Tudu kuma yana rage iska, kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100 da aka hau. Garin Gombe yana tsakanin mita 400 da 500 daga doron teku, Jos tana wajen 1,200, tsaunin Mambila a Taraba wajen 1,600. Baburin da aka saita a Gombe in ya hau Mambila zai yi nauyi ya riƙa baƙin hayaƙi, abin da ba ya kashe inji. Wanda aka rage wa jet a can sama aka sauko da shi nan shi ne abin tsoro. Duk wanda ya sayi babur na hannu daga irin waɗannan wurare, ya duba fulogi a makon farko. Zuwa Kumo ko Dadin Kowa ko Bajoga ba ya buƙatar taɓa komai.

Aikin darasi

Ku amsa waɗannan a littafinku. Me ya sa cire soso ke rage man da ke shiga inji alhali ba a taɓa jet ba? Babur yana tafiya lafiya a cikakken totur amma yana shaƙewa a rabi: wace hanyar mai za a duba, kuma ina za a kai kilif in jan cok yana gyara shi? Ku yi lissafin kashi nawa bakin rami ke ƙaruwa daga jet 75 zuwa 80.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya nemi izinin wani mai babur, ko ubangidansa a gareji, ya buɗe akwatin iska ya ga halin da soson yake ciki, ya kwance fulogi ya rubuta launinsa da abin da launin ke nunawa. Wanda ya sami tsohon kafireton da aka daina amfani da shi ya zo da shi aji, tare da sukundireba da tsumma, za mu kwance shi tare.